Shagon tura fim na bayan kasuwa: HD ɗinsa na gaske ne amma sai ka zo da haƙuri

Salam 'yan uwa. Akwai wani shagon tura finafinai a bayan babbar kasuwar Maradi, layin masu gyaran salula, na daɗe ina son in yi magana a kai don gaskiya cikin duk inda nake zuwa nan ne kawai idan aka ce maka HD to HD ɗin ne. Yanzu ai kowane shago ya rubuta HD a ƙofa, wani ma har 4K, ka biya kuɗɗinka a zuba maka a kile ka tahi gida ka buɗe a kwamfuta sai ka ga fuskar mutum duk ta narke, rubutun ƙasa ba ya karantuwa. A salula ba ka ganin aibin tunda ekran ɗin ƙarami ne, sai ka cika fuskar kwamfuta ko ka jona da tele sannan asiri ya tonu.

Mai wanga shago saurayi ne, kuma kafin ya taɓa kilenka abin da yake fara tambaya shi ne "Yaya, a mi za ka kalla?" Wannan tambaya ita ce ta sa na maƙale masa. Saboda hoto ɗigo-ɗigo ne aka jera, 720p yana da ɗigo 1280 a kwance 720 a tsaye, 1080p kuwa 1920 da 1080 wato sama da miliyan 2, shi 4K 3840 da 2160 ne, ninki 4 na 1080p kenan. To mafi yawan kwamfutocin gwanjo da muke riƙewa a garin nan ekran ɗinsu 1366 da 768 ne, ko 1080p ma sai ta matse shi kafin ta nuna maka, balle 4K, asarar wuri ce kawai. Shi da bakinsa zai ce ka ɗauki 720p mai kyau ka bar sauran jigarka, alhali babban ya fi kawo masa kuɗi. Ni wannan ya shiga raina sosai wallahi.

Amma inda ya fi burge ni shi ne batun nauyin fim. Lamba kaɗai ba ta isa ba. Za a ba ka fim na awa 2 an rubuta 1080p a sunansa amma nauyinsa mega 400, to ko dai an matse shi ya wuce kima, ko wani ne ya ɗauko mai rauni ya buɗa shi, kamar ka ƙara ruwa a fura ne, kwano ya cika amma furar ba ta ƙaru ba. Shi yana da tele babba a bango, kafin ya tura sai ya kunna maka ka gani da idonka, kuma ba wurin da mutane ke zaune suna hira yake kaiwa ba, wurin motsi yake nema. Na ga ya gwada wa wani dattijo da bidiyon kokowa guda 2 na karawa ɗaya. A na farko da 'yan kokowar suka sarƙe ƙasa ta tashi sai duk hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'i, jama'ar da ke bayan fili suka zama tabo kawai ba ka bambance hula da rawani. A na biyu kana ganin zufa tana gangarowa a bayan mutum, kana ganin layun da ke damtsensa ɗaya bayan ɗaya har da igiyar da aka ɗaure su. Duka an rubuta musu HD. Dattijon ya ce "ɗana sa min wancan ko nawa ne." Haka ma wurin dare a fim, in kwafin mai rauni ne baƙin sai ya riƙa yin dabbare-dabbare yana motsi. In ka yi gardama sai ya danna Ctrl da J a VLC, manhajar da yake kunna fim da ita, lambobin su fito ka karanta da kanka.

Sai matsalar tsayawar fim, wadda ta daɗe tana damuna. Kwamfutata tsohuwa ce, furosesanta, wato ƙwaƙwalwarta, Intel Core i5 ne zubi na 3, wani fim in na sa sai murya ta wuce hoto ya biyo baya yana tsalle, fanka tana ta ihu, ga zafin watan Afrilu ƙasan kwamfutar ba ya taɓuwa. Shi ya duba sunan fim ɗin ya nuna min x265 a ƙarshe. Wato akwai hanyoyin matse fim 2, H.264 da ake rubuta x264 a sunan fim da H.265 da ake rubuta x265, na biyun yana matse fim ya kusan rabin nauyi da kyau iri ɗaya, shi ya sa masu turawa ke son shi, amma buɗe shi aiki ne babba, kuma furosesan Intel sai daga zubi na 6 da ya fito a 2015 suka zo da sashen da ke ɗaukar wanga aiki shi kaɗai. Wanda bai kai nan ba da ƙarfin tsiya yake ja. Yanzu x264 kawai yake zuba min, ya fi cin wuri amma yana tahiya sumul har ƙarshe. Finafinan da aka fi nema yana ajiye su iri 2 saboda haka.

Kile ma yana dubawa. In tsarin ajiyar da aka yi masa FAT32 ne ba ya karɓar abu ɗaya da ya wuce jiga 4 ko da akwai wuri, sai ya tambaye ka ya kwashe kayanka gefe ya mai da shi exFAT, kuma yana gaya maka cewa wasu tsofaffin tele ba sa karanta shi. Ban taɓa kwaso bairos daga wurinsa ba.

To amma akwai abin da ba na jin daɗi, dole in faɗa. Shagon matsattse ne, benci ɗaya, bayan la'asar yara 'yan makaranta sun cika shi, kuma kwamfuta ɗaya ce ke turawa. Babban fim a kile mai USB 2.0 sai ka gaji da zama. Ba shi da batir ko janareta, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar turawa shikenan sai a sake daga farko, wannan kam yana ɓata min rai don mutum ya bar aikinsa ya zo. Kuɗinsa ma ya ɗara na maƙwabta, inda wasu ke karɓar dala 20 shi babban fim dala 50 ne ba ragi.

Sannan masu neman tsofaffin finafinan Hausa kada ku sa rai da yawa. Da yawansu daga faifan VCD aka kwafo, ɗigo 352 da 288 ne, ba mai iya mai da su HD, kuma shi ma ba ya yi maka ƙarya a kai, zai ce "wannan haka ya zo Yaya." Sababbin shirye-shirye masu dogon zango da masu su ke sakawa a YouTube su kam suna fita tas. Bidiyon biki da aka turo ta WhatsApp ma an riga an matse shi, gara ka karɓo na asali wurin mai kyamara.

In za ku je ku je da hantsi kafin cunkoso, ku riƙe kile mai shuɗin baki wato USB 3.0, ku san sunan kwamfutarku ko ku tahi da ita ya duba. Mai son jonawa da tele ya nemi wayar HDMI don VGA hoto kawai take kaiwa ba sauti. Ni dai na yi masa maganar batir, ya ce yana tara kuɗin.