Jif ta doguwar tafiya: wadda zan saya, da inda aka taɓa cuta ta

Daga Kaduna zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila, in ka bi ta Jos da Bauchi da Gombe ka gangara Numan ka shiga Jalingo, sannan Bali da Serti, tafiyar ta haura kilomita 1,000. Mafi yawanta kwalta ce, amma irin kwaltar nan da ta gaji, kuma da zarar ka sauka daga titi don shiga ƙauyukan kan tsaunin ko gandun dajin Gashaka Gumti, to jan laka ne da duwatsu da rafuka. Masu son irin wannan tafiya sukan same ni da tambayar wace bamba za su sa, wace fitila za su jera a saman mota. Ni ma da nan na fara, na ci kuɗina a banza. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: in motar nan ta tsaya a garin da bakanike ɗaya ne, kayan aikinsa sifana da guduma, zai iya tayar da ita?

Da wannan ma'aunin, ni Land Cruiser samfurin 80 na zaɓa, wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, kuma mai injin gas, wato dizal, da ake kira 1HZ. Na san tsohuwa ce, ƙaramar cikinsu ma ta kusa shekara 30. Amma tsohuwar zuma ai da ita ake magani. Injin nan lita 4.2 ne, silinda shida a jere, ba turbo, ba ƙwaƙwalwar lantarki da za ta ƙi tashi don wata 'yar waya ta ji ruwa. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, irin wanda masu gyaran famfon manyan motoci suka sani kamar yunwar cikinsu. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, saboda haka a hanyar Zariya ƙananan motoci za su riƙa wuce ka suna kallonka. Bar su. In aka zo hawan dutse da kaya niƙi-niƙi, a giya ta biyu, a hankali zai riƙa ja kamar san noma, ba ya haki.

Ƙafarta ce ma ta fi burge ni. Gaba da baya duk sandar ƙarfe ce guda da ta haɗa tayoyin biyu, a kan sifirin mai naɗi. Amfanin haka, in taya ɗaya ta hau dutse, tukunyar giyar da ke tsakiya ita ma ta ɗaga tare da ita, ba ta zauna a kan dutsen ba. Sassan da za su lalace kuma kaɗan ne. Wasu daga cikinsu suna zuwa da makullin da ke haɗe tayoyin hagu da na dama, gaba da baya, su juya tare, wanda a cikin laka ya fi duk wani ƙarfe da za ka saya ka ƙara. In ka samu mai shi, kada ka yarda da bakin dillali, a kai ta kan ƙasa a murɗa makullin ka ga fitilarsa ta tsaya cak ta daina ƙiftawa.

Tana da nata laifin. Ƙullin ƙafar gaba, inda sitiyari ke juya taya, yakan fara zubar da giris haɗe da baƙin mai in robobinsa sun mutu, sai an kwance an sake su gaba ɗaya. Bel ɗin cikin injin kuwa ana canja shi duk kilomita 100,000, kuma tunda ba ka san ranar da mai ita na baya ya canja ba, ka canja ranar da ka saya. In ya tsinke kana tafiya, aikin ya zama na buɗe inji. Mai injin fetur lita 4.5 ma tana nan, ta fi yawa a kasuwarmu, lafiyayya ce, sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 shan da take yi ya zama abin da mutum zai yi shawara da aljihunsa. In ka ci karo da samfurin 105, wadda ta ɗauki jikin samfurin 100 amma ta riƙe ƙafa da injin na 80, kada ka tsaya dogon ciniki.

Sauran fa? Hilux ita ce ta biyu a wurina, don babu garin da ba a san ta ba, kuma mai injin fetur lita 2.7 ba ta da rigima. Matsalarta sifirin ɗin bayanta na faranti ne, in ba kaya sai ta riƙa tsalle da kai har ƙugunka ya faɗa maka. Land Cruiser samfurin 70, irin ta ma'aikatan agaji da motocin asibiti na karkara, ƙarfe ce ta gaske, amma kuɗinta ya fi ƙarfin mai yawon buɗe ido. Prado motar zuwa ɗaurin aure ce da ke iya taɓa daji, ba laifi. Nissan Patrol ba ta gaza Land Cruiser ƙarfi ba, kayan gyaranta ne za ka yi ta waya Legas kana jira. Lexus LX470 mai ƙafar da ke ɗagawa da sauka da ruwan mai, ranar da ta zauna a daji ta zauna ke nan. Land Rover kuwa na bar wa masu haƙuri.

To ka samu mota. Kuɗin da ya rage, ga inda zan zuba shi: taya, sannan ƙafa, sannan sanyaya inji. Taya ka nemi mai rubutun AT, wadda aka yi don kwalta da daji duka, kuma mai harafin LT a jikin lambarta, alamar gefenta mai kauri ne da zai ɗauki nauyi. Masu manyan haƙora na laka, wato MT, suna da kyan hoto, amma kuka za su yi maka tun daga Mararrabar Jos har inda za ka, ga saurin cinyewa a kwalta. Girma kuma kada ka yi zari: 265/75R16 ta isa, kuma ana samunta a manyan garuruwa in ɗaya ta fashe. Safaya biyu, ba ɗaya ba. Lagireto a fitar da shi a wanke ko a sake sabo, a canja duk robobin ruwa, a duba fankar, domin zafin kwarin Binuwai a watan Maris da Afrilu ba ya yafe wa tsohon lagireto. Mai injin gas ya ƙara matatar mai ta biyu mai raba ruwa da gas, don ranar da za ta kai ka ga sayen mai a jarka hannun 'yan bumburutu tana zuwa, kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba.

Yanzu maganar ƙafa, inda maciji ya sare ni. Ɗaga mota inci 2 ya wadatar. In ka wuce haka sai sitiyari ya fara yawo, robobin birki su miƙe, ka shiga sayen wasu ƙarafan don gyara abin da kai ka ɓata. Abin da ake nema shi ne sifirin da ya dace da nauyin da za ka ɗauka, da shokozoba ta gaske. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman na Ostireliya da Bilstein na Jamus sun yi suna a wannan, kuma sunan nan shi ne abincin 'yan damfara.

Ni wani mai shago ne ya fito min da shokozoba guda huɗu a kwali, rawaya shar, da tambari da komai. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah na asali ne?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Alhaji, ai ba zan ci amanarka ba, jiya jiya aka sauke su daga Dubai." Kuɗin bai kai rabin abin da na ji ana faɗa ba, ni kuwa na ɗauka na yi wayo. Sun kai ni har Serti lafiya. A hawan da ke bayan Mayo Selbe, inda hanya ke naɗewa a jikin dutse, na ji bayan motar ya fara lilo kamar kwalekwale, duk kwana sai ta kwanta gefe, ga rami a hannun da nake kallo. Da muka samu wuri muka tsaya, na leƙa, biyun baya sun yi sharkaf da mai. Bayan na dawo Kaduna bakanikena ya kankare fentin ɗaya da wuƙa, ya nuna min tabon walda ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Maigida, tsohuwa ce aka huda aka ɗura mata mai aka toshe, aka yi mata wanka da fenti." Wanda ya sayar min kuwa cewa ya yi lodi na yi mata da yawa.

Tun daga ranar nake duba shokozoba kamar mai sayen ragon layya. Ka ɗaga ka ji nauyinta, ta bogi ba ta da nauyi. Lambar kaya ta kasance a jikinta, ta yi daidai da ta kwali, ta kuma yi daidai da wadda kamfanin ya rubuta wa samfurin motarka a shafinsa na intanet. Minti biyu ne a waya. Ka danne ta har ƙasa ka saki: mai iskar gas a ciki da kanta za ta miƙe a hankali, ba tsalle ba, ba kuma ta zauna shiru ba. Ka shafa jikinta da yatsa kana neman tudun walda a ƙarƙashin fenti, ka duba sandar ko akwai ƙarzuwa. In ka ji warin sabon fenti a kayan da aka ce sun yi wata biyu a teku, ajiye ka fita. In kuɗin na asali ya fi ƙarfinka, sabuwar shokozobar Toyota ta talaka ta fi ta bogi mai suna sau goma.

Taya ma haka. A gefen kowace akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara 6, ko haƙoranta sun kai na kada, ba ta tafiyar Mambila ba ce. In ka ga wurin lambar ya yi sumul kamar an goge, ko lambobin sun karkace, an taɓa. Akwai masu sassaƙa wa tsohuwar taya sababbin haƙora da wuƙa mai zafi, sai ka ga ramukan ba su daidaita ba, wani wuri har zare ya leƙo. Akwai kuma tayoyin gwanjo da aka yi don lokacin ƙanƙara a Turai, robarsu laushi gare ta, kwaltarmu ta rana tsaka cinye su take yi.

Ita kanta motar ba ta tsira ba. 4Runner da yawa da ke shigowa daga Amurka tayoyin baya kaɗai ke ja, haka wasu Hilux, amma dillali zai rantse maka huɗu ne. Kwanta a ƙasa ka leƙa: in babu tukunyar giya a gaba da sandar da ke kai mata juyi, to tsayi kawai ka saya. Kana kwancen ka ƙwanƙwasa shasi da sifana, domin gishirin da suke zuba wa titi lokacin sanyi yana cin ƙarfe daga ciki, a nan kuma a shafe shi da baƙin fenti. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujeru. Busasshiyar laka a inda ƙafa ba ta kaiwa alamar motar ambaliya ce. Lambar shasi ta zama iri ɗaya a jikin mota da takardun kwastan. Sai wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, da yake tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama: irin wannan, walda ce ke riƙe da ranka, ko kyauta ba na so. Masu yi wa tsohuwar Prado sabuwar fuska su ƙara mata shekara goma na ƙuruciya kuwa, wannan sana'a ce mai zaman kanta.

Kayan ƙarfe, a nan Panteka, kasuwar ƙarafa da masu walda ta Kaduna, ta fi ƙarfin raini. Masu waldarmu za su yi maka farantin kare cikin mota, da akwatunan kaya na baya, da mariƙin safaya, aiki mai kyau a kuɗi mai sauƙi. Sai dai ka tsaya a kansu, don a wurinsu nagarta ita ce nauyi, za su ƙera maka bambar da ta dace da tirela. Bamba mai nauyi tana danne gaba ta kashe shokozoba, a motar da ke da jakar iska kuma tana iya rikita lokacin fashewarta. Wurin ɗaura igiyar ja a ɗaure shi da manyan kusoshi a jikin shasi, kada a liƙa da walda kawai. In ya ɓalle ana ja, harsashi ne. Kariyar sama, wato mariƙin kaya na saman mota, ta katifa ce da tanti. Jarka huɗu masu lita 20 a can sama sun kai kilo 80 da 'yan kai, kuma a kwanar dutse ne za ka san suna nan. Mai da ruwa su zauna ƙasa, tsakanin tayoyi.

Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana da amfani ko ba ka shiga ruwa ba, don iskar sama ta fi ta gindin taya tsabta, musamman in kana bin bayan wata mota a ƙurar hunturu. Na roba mai araha yakan tsage a rana cikin shekara guda, kuma tsagagge ya fi babu haɗari, tunda za ka shiga rafi da ƙarfin gwiwa. Injin ja na gaban mota, in ba kai kaɗai kake yawo ba, bar shi sai ƙarshe. Shebur, igiyar ja mai kyau, faffaɗan katako na ɗora jak, da famfon iska mai aiki da batir sun fitar da ni daga wurare da yawa: a yashi ka rage iskar taya zuwa wajen 20 a ma'aunin PSI, ka fita, ka mayar. Batir na biyu don firji da cajin waya a haɗa shi ta na'urar da ke raba shi da na tayar da mota, kowace waya da fis ɗinta.

In an gama komai, ka loda mata daidai kayan da za ka tafi da su, har ruwa da mai, ka kai ta Kajuru ko Kachiya ka dawo, ka nemi hanyar ƙasa a can ka ɗan wahalar da ita. Washegari a sa ta a rami, a bi duk kusoshin da aka taɓa a sake ɗaurewa, kai kuma ka bi shokozoba huɗun da farin tsumma ɗaya bayan ɗaya.