Snow Lake ko Colchuck: wanne ya fi wa mai tafiya shi kaɗai?

Basakkwacen da karatu ya kai jihar Washington a Amurka, in yana son ganin tafki a kan tsauni, sunaye biyu zai fi ji, duk a dajin Alpine Lakes da aka keɓe a 1976.

Snow Lake ya fi sauƙi. Tafiyar kimanin awa ɗaya ce a mota daga birnin Seattle, sannan a taka wajen kilomita 11, zuwa da dawowa. Hanyar cike take da jama'a lokacin zafi, ko ka gurɗe ƙafa ba za ka rasa mai kama ka ba.

Colchuck, kusa da garin Leavenworth, ya fi kyau nesa ba kusa ba: ruwa kore shar a gindin dutsen Dragontail. Amma hawan ya kai tsayin mita 700 zuwa sama, ga duwatsu da saiwoyi. Ƙafar da ta saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Wamakko za ta ji a jikinta. Sanyin ruwan kuma, hunturun Sakkwato wasa ne.

Ni dai na ce a fara da Snow Lake, a watan Agusta. Ka sanar da wani lokacin dawowarka, don waya kan rasa sabis.