Wasiƙa zuwa ga Kawu kan bindigar farautar manyan namun daji

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ga amsar tambayar da kuka yi mini, wato wace bindiga ce maharbi mai ƙaramin ƙarfi zai nema a ƙasashen nan idan manyan namun daji yake son farauta. Na daɗe ina bin shagunan bindiga a Amurka inda nake zaune, na kuma leƙa na Jamus da na Landan, kuma abin da na gani shi ne yawancin tsadar da ake yi wa bindiga kuɗin suna ne da ado, alhali aikin da take yi a daji tsohon ƙira ne da ya wuce shekara ɗari.

Asalin wannan ƙira ita ce Mauser 98, wadda Paul Mauser ya fito da ita a garin Oberndorf na Jamus a 1898. Abin da maharba suke so a jikinta shi ne wata doguwar ƙugiya da ke gefen sakatarta, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba don ɗura harsashi, wadda take cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga ma'ajiyarsa, ba ta sakinsa har sai an harba an jefar da kwanso. Wanda ɓauna ta taso wa, hannunsa yana rawa, ba ya buƙatar bindigar da harsashi zai sarƙe a cikinta. Kamfanin Winchester na Amurka ya bi wannan tsari a Model 70 da ya fitar a 1936, sannan ya sauya shi a 1964 don rage kuɗin ƙira, shi ya sa har yau waɗanda aka yi kafin wannan shekara suke da tsada a hannun masu tara kayan tarihi. A ganina mai neman ta aiki ba shi da dalilin biyan wannan ƙari, tunda kamfanin ya dawo da ƙugiyar a ƙirarsa ta baya-bayan nan.

A Landan na shiga irin shagunan da ake auna tsawon hannun mutum da faɗin kafaɗarsa kafin a sassaƙa masa ƙota da itace mai kyau, kuma bindiga mai baki biyu ta Holland & Holland tana haura fam dubu 100. Aiki ne na gwaninta wanda ya cancanci yabo, amma na masu hali ne. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi kyau ya dubi CZ 550 ko tsohuwar Brno ZKK 602 daga ƙasar Cek, ko Zastava ta garin Kragujevac a Sabiya, domin dukansu jinin Mauser ne, kuma ana samun na hannu da rangwame. Ba su da sheƙi, sakatarsu takan yi ɗan tauri tun suna sababbi, sai dai tana laushi da yawan amfani.

Inda na fi so ku kula shi ne harsashi, domin a nan ne kuɗi yake zurarewa, kuma a nan ne ni kaina na yi kuskure. Bindigata ta farko mai cin .375 H&H ce, harsashin da kamfanin Holland & Holland ya fito da shi a 1912, wanda ƙasashen Afirka da dama suka sa shi a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a harbi giwa ko ɓauna da shi. Mai shagon ya yabe ta ƙwarai, bai kuwa tambaye ni abin da zan farauta ba. Ranar da na fara gwada ta, kafin harbi na goma kafaɗata ta yi tsami, na kuma lura ina runtse ido tun kafin in ja kunama, saiti ya lalace gaba ɗaya. Ga shi kwalin harsashinta ya ninka na .30-06 a kuɗi, sai na riƙa jin ƙyashin atisaye. Shi kuwa .30-06, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906, kusan kowane shagon kayan farauta a nan yana da shi, shurinsa mai sauƙi ne, kuma ya ishi barewa da manyan danginta. A Jamus na tarar sun fi sabawa da 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 musamman domin ya shiga Mauser ta gama-gari, ta yadda manomi zai mallaki bindiga mai ƙarfi ba tare da ya ci bashi ba. Ƙwayarsa ta kai giram 18 da rabi, kusa da ta .375.

Hanyar saye ma ta bambanta. A Amurka mai saye daga dillali yana cike takarda mai lamba 4473, hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta binciki tarihinsa, sau da yawa a gama kafin ya bar shagon. A Ingila sai 'yan sanda sun ba da takardar izini ta shekara 5 bayan sun gamsu da dalilinsa da kuma akwatin ƙarfen da zai kulle bindigar, a Jamus kuwa sai ya ci jarrabawar farauta mai wuya. Ni dai tsarin Jamus ya fi kwanta mini, saboda yana fitar da maharbin da ya san inda zai sa wa dabba harsashi ta faɗi ba tare da an wahalar da ita ba.

Daga baya na sayar da waccan bindigar tawa mai cin .375, na sayi tsohuwar Zastava mai cin .30-06. Kafin in biya, na zare sakatar na ɗaga bututun ga hasken fitila don in ga ko tsatsa ta ci zanen da ke murɗe a cikinsa, na duba ƙotar a daidai inda ƙarfe ya zauna, domin nan ne shuri yake fara tsaga itace, sannan na sa wani maƙerin bindiga ya auna zaman harsashi a cikinta. Rarar kuɗin na saka su a madubin saiti mai nagarta da harsashin atisaye, kuma yanzu a tazarar mita 100 harbi uku suna taruwa a wurin da bai kai faɗin tafin hannuna ba.