Hattara da mai sayar da faifan jabu da sunan sabon bugu

Salamu alaikum, 'yan uwa masu tara faifan garmaho, musamman mu mazauna Amurka. Akwai wani shafi a dandalin sada zumunta da ke tallar sabon bugun faya-fayan alt-country (kiɗan country na Amurka da aka gauraya da rock) na shekarun 1990, kuma ya cinye mini dala 90 a watan jiya. Kada ku tura masa ko sisi.

Mutumin ya san inda zai kama mu. Lokacin da mawaƙan Uncle Tupelo, samarin nan na Belleville a jihar Illinois, suka fitar da kundin waƙoƙinsu No Depression a 1990, kasuwa ta riga ta koma kan CD da kaset. Haka aka ci gaba har zuwa kundin Trace na mawaƙan Son Volt a 1995 da Strangers Almanac na mawaƙan Whiskeytown a 1997. Faifan garmaho kaɗan ake bugawa a shekarun nan, shi ya sa na asali ya yi tsada, kowa kuma yake jiran kamfanoni su sake bugawa. To ka ga mutum ya ce yana da su sabbi fil a leda, masu nauyin giram 180, a rabin kuɗin shago, ai dole ranka ya biya.

Guda biyu na saya. Tun daga kwali na fara jin wani iri: hoton ya yi dishi-dishi, ƙananan rubutun baya sun cakuɗe kamar an ɗauko daga jikin CD an faɗaɗa. Da na ɗora allura sai gaskiya ta fito. Irin wannan kiɗa, daɗinsa yana cikin sarari ne, ka ji jita mai kuka can gefe, goge na shigowa a hankali, muryar mawaƙi da kaushinta kamar yana zaune a ɗakin. A wannan faifan duk an matse su wuri ɗaya, kuge yana tsiii, ganga ba ta da ciki. Daga fayil na kwamfuta aka yanko shi, ba ko tantama. Na shekara goma sha biyu ina sauraren waƙoƙin nan, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da kuɗin.

Abin da ya tabbatar mini shi ne filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya. A nan masana'anta ke zana lambar bugu, sau da yawa har da alamar wanda ya yanka faifan. Yawancin bugu na gaskiya ana iya gwada lambarsu da abin da ke rubuce a Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayai. Nawa guda ɗaya babu komai a wurin, ɗayan kuma lambar ba ta yi daidai da kowane bugu ba. Nauyin giram 180 da yake ta yayatawa roba ce kawai, ɗan jabu ma yana iya zuba ta.

Wajen biya ya ɗaure ni. Ya roƙi in tura ta PayPal, amma ta hanyar da ake aika wa dangi da abokai, wai don a kauce wa kuɗin caji. Wannan hanya ba ta da kariyar mai saye. Ta sayen kaya ce ke da ita. Da na yi masa magana ya ce in mayar da kayan, ya ba ni adireshi, kwana uku bayan nan ya toshe ni.

Yanzu ya canza sunan shafin, amma hotunan ba su canza ba: faya-fayan jere a kan jan kafet, duk a leda, babu hoton tsakiyar faifai ko ɗaya. Idan kun ci karo da shi, ku nemi ya ɗauko muku hoton lambar nan a ƙarƙashin fitila, tare da takarda mai kwanan watan ranar. Mutum biyu da na sani sun nema, har yau bai amsa musu ba.