Tsakanin Centaur da Contessa 26: ɗauki mai ƙafa biyu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka saya cikin jiragen ruwa masu filafilai guda biyu, Westerly Centaur da Contessa 26. Centaur zan ce ka saya, muddin dai a gaɓar Essex ta ƙasar Ingila za ka ajiye shi kamar yadda ka faɗa.

Dalilina na ƙarƙashin ruwa. Tsawonsu kusan ɗaya ne, wajen mita 8, amma Centaur ƙafafun ƙarfe biyu gare shi a ƙasa, kuma bai kai mita ɗaya nutso ba. Contessa ƙafa ɗaya ce doguwa, tana shiga ruwa kamar mita 1.2. A bakin kogin Blackwater da ke Essex sau biyu a rana teku ke janyewa ta bar laka iya ganinka.

Shekarata ta farko da nawa Centaur ɗin, na kwashi uwargida da yara muka nufi wajen tsibirin Mersea. Na yi kuskuren lissafin lokacin janyewar ruwa, ina ta ba da labari, sai ji muka yi jirgi ya tsaya cik. Uwargida ta hau salati, ni ma cikina ya ɗuri ruwa, na dai daure saboda yara. Ruwa ya tafi ya bar mu, jirgin kuwa ya tsaya kyam kan ƙafafunsa, ko kofin shayi bai tuntsire ba. Ta ɗora dafa-duka, na yi la'asar a tsaye cikin ɗakin jirgin, don mutum na iya miƙewa sosai a ciki, yara suna ta ƙirga tsuntsayen da ke kiwo a lakar. Bayan magariba ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Har yau ƙaramar tana tambayar yaushe za mu sake maƙalewa. Da mai ƙafa ɗaya ne, da kwanciya zai yi a gefe, tukunya da mutane kowa ya gangara kusurwa ɗaya.

Wannan tsayuwar ce kuma ke rage maka kuɗi: kana iya kama wurin ɗauri mai bushewa idan ruwa ya janye, wanda ya fi marina (tashar ajiye ƙananan jiragen ruwa) araha nesa ba kusa ba. Kuma an ƙera sama da 2,400 tsakanin 1969 da 1980, don haka kayan gyara da waɗanda suka san shi ba sa wuya. Aibinsa, idan ka fuskanci iska yana da nawa, igiyar ruwa kuma ta riƙa dukan tsakanin ƙafafun kamar ana buga ganga.

Contessa kyakkyawa ce, ban musa ba, da irinta wata matashiya Ba'amurkiya, Tania Aebi, ta zaga duniya daga 1985 zuwa 1987. Kai dai ba duniya za ka zaga ba, kuma a sunkuye za ka yini a cikinta.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu sayarwa. Ka isa kafin lokacin da kuka yi, ka dafa injin da hannunka. In ka ji ɗumi, an tashe shi ne tun da safe don kada ka ga wahalar da yake bayarwa a sanyi. Sabon fenti a gindin jirgi na iya ɓoye ƙurajen da ruwa ke tayarwa a jikin faiba. Ɗaga katakon ƙasa da murfin ma'ajin kujeru ka haska tocila inda ƙafafun suka haɗu da jiki, nan ne raunin Centaur ɗin da ya daɗe yana zama a laka mai laushi: tsaga ko jan ruwan tsatsa, ka sa takalminka. Nemi rasit ɗin wayoyin da ke riƙe sandar filafilai, don masu inshora kan so a sauya su kusan duk shekara goma. Kada ka ba da ko fam ɗaya na kafin alƙalami sai mai duba jirgi da kai ka ɗauko, ba wanda mai jirgin ya kawo ba, ya gan shi a tudu.

In ka samu wanda aka riga aka sauya wa inji, ƙara kuɗi ka ɗauka. Allah ya sa albarka, ka kira mu walima.