Sharhi a kan MIDI Guitar, manhajar da ke ba makaɗin jita damar kaɗa sintesaiza

Duk makaɗin jita da ya shiga harkar haɗa kiɗa a kwamfuta yakan tarar cewa kusan dukkan kayan aikin an tsara su ne domin mai hannun fiyano. Sintesaiza, wato na'ura ko manhajar da ke ƙirƙirar sauti ta hanyar lantarki, ba ta sauraren kiɗa. Umarni take jira, kuma tun daga shekarar 1983 da aka fito da tsarin MIDI, wato yaren da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, wannan umarni lambobi ne kawai: wane amo aka taɓa, da wane ƙarfi, kuma yaushe aka sake shi. Fiyanon lantarki yana aika waɗannan lambobi cikin sauƙi domin kowane maɓalli makunni ne, amma jita ba ta da makunni ko ɗaya, tsirkiya ce ke karkarwa, don haka dole sai an sami abin da zai saurari karkarwar ya fassara ta zuwa lambobi. Wannan aiki ne manhajar MIDI Guitar ta kamfanin Jam Origin na ƙasar Denmak ta ɗaukar wa kanta, kuma a ganina ta cancanci duk mai jita da ke haɗa kiɗa ya ba ta lokacinsa.

Tsohuwar hanya ita ce ta ƙarfe da waya. Kamfanin Roland ya fitar da GR-500, sintesaizar da ake kaɗawa da jita, tun a 1977, daga baya kuma ya yaɗa na'urar ɗaukar sauti irin GK-3, wadda ake liƙawa kusa da gindin tsirkiyoyi, mai kunnuwa shida, kowace tsirkiya da nata, tare da waya ta musamman mai fil 13. Kamfanin Fishman ma yana da irin wannan na'ura mai suna TriplePlay da ke aiki babu waya. MIDI Guitar ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana jona jita da wayarta ta yau da kullum a katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, a buɗe manhajar ita kaɗai ko a matsayin fulogin, wato ƙaramar manhajar da ke aiki a cikin wata, a cikin manhajar haɗa kiɗa irin su Reaper, Cubase ko Ableton Live, sai ta fara fitar da MIDI nan take, har ma idan an kaɗa tsirkiya huɗu ko biyar a lokaci guda. Babu huda jikin jita, babu manne komai, kuma mai jita uku zai iya amfani da dukansu.

Sai mutum ya san wahalar aikin kafin ya iya yaba abin da manhajar ke yi. Tsirkiya ɗaya ba amo ɗaya take fitarwa ba, akwai babban amon da kunne ke kamawa, sannan akwai wasu ƙanana da ke bisansa, ninki biyu, ninki uku, har sama. Tsirkiya mafi kauri, wato E ta ƙasa, tana karkarwa kusan sau 82 a daƙiƙa guda, kuma ninki ukun wannan ya kai kusan 247, wanda shi ne daidai amon tsirkiyar B idan ba a danne ta ba. Ke nan duk lokacin da manhajar ta ji 247, sai ta yanke hukunci ko makaɗin ya taɓa B da gaske, ko kuwa inuwar E ce kawai, kuma dole ta yanke shi cikin ƙiftawar ido, daga waya ɗaya da ta cakuɗa sautin tsirkiyoyi shida. A gwajin da na yi, idan jita ta sami saiti mai kyau kuma aka kaɗa da tsabta, hukuncin nata yana faɗawa daidai a mafi yawan lokuta, har a haɗin amo masu sarƙaƙiya, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin girmanta.

Maganar jinkiri, wato ɗan lokacin da ke tsakanin bugun tsirkiya da fitowar sautin sintesaiza, ita ce kowa ke fara tambaya, kuma ya kamata a raba ta gida biyu. Kashi na farko na kwamfuta ne, kuma ana iya rage shi. Idan aka sa bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, a 128 a kan saurin 44.1 kHz, kowane ɗauka yana cin kusan milisakan 3, idan kuma aka kai shi 256 ya kusa 6, sannan mai Windows ya tabbata yana amfani da direban ASIO na katin sautinsa, wato manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta ba tare da jinkiri mai yawa ba. Kashi na biyu kuwa na halittar sauti ne, babu manhaja ko na'urar da ta tsira daga gare shi. Zagaye ɗaya na karkarwar E ta ƙasa yana ɗaukar kusan milisakan 12, alhali na E ta sama kusan 3 ne kawai, kuma kafin a gane amo sai an ji wani abu daga cikin karkarwarsa, bayan ƙarar farko ta bugun tsirkiya, wadda hayaniya ce da ba ta da amo. Shi ya sa amon sama ke amsawa kusan tare da yatsa, na ƙasa kuma yakan ɗan ja ƙafa. Dabarar da na fi amfana da ita ita ce kaɗa layin bes a siraran tsirkiyoyi, sannan a umarci manhajar ta sauke amon da okteb ɗaya ko biyu (okteb shi ne tazarar da ke tsakanin amo da ninki biyunsa) kafin ya isa ga sintesaiza.

Abin da ya fi jinkiri tasiri, a ra'ayina, shi ne hannun makaɗin kansa. Jita tana yafe abubuwa da yawa: ƙarar yatsa idan yana zamewa a kan tsirkiya, tsirkiyar da ta ɗan motsa ba da niyya ba, ɗan sautin da ke fita lokacin da aka ɗaga yatsa daga matakin wuyan jita. A amsa-kuwwa waɗannan duka suna narkewa cikin kiɗan, wani lokaci ma su ƙara masa armashi, amma sintesaiza ba ta san wannan sassauci ba. Duk abin da aka aika mata za ta buga shi a matsayin cikakken amo, kuma idan sautin fiyano aka zaɓa, ɗan kuskuren zai fito fili ƙarara. Manhajar tana da saitin da ke toshe raunanan sauti da kuma wanda ke daidaita ƙarfin bugu a kan ma'aunin MIDI da ke tsayawa a 127, kuma minti kaɗan da mutum zai ɓata a kansu suna rage matsalar sosai. Sauran aikin na tafin hannun dama ne, wanda zai riƙa kwantawa a kan tsirkiyoyin da ba a buƙata, da yatsun hagu da za su riƙa kashe amo da gangan maimakon su bar shi ya mutu da kansa. Haka nan dole sautin ya shiga manhajar a tsabtace, kafin duk wani fedal mai gurɓata shi ko mai maimaita shi.

Zaɓin sauti shi ne ke raba wanda zai ji daɗin manhajar da wanda zai yi fushi da ita. Sautukan da ke tasowa a hankali, kamar shimfiɗar sintesaiza mai faɗi, tarin kayan tsirkiya na ƙungiyar makaɗa, sarewa ko muryoyin amshi, suna ɓoye jinkirin gaba ɗaya, kuma a nan ne ake samun abin da fiyano ba ya bayarwa cikin sauƙi. Makaɗin jita yana jera amo ta wata hanya dabam, yana haɗa tsirkiyar da ba a danne ba da wadda aka danne can sama, kuma idan ya ja hannu a kan tsirkiyoyin, amon ba ya faɗowa tare, ɗaya yana bin ɗaya da ɗan taƙi. Idan wannan ya ratsa ta cikin sintesaiza, kiɗan yakan fito da numfashin mutum, abin da ba a samu idan da linzamin kwamfuta aka zana shi. Sai dai a tuna cewa tsirkiya tana mutuwa bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma da ta mutu amon sintesaiza ya yanke, don haka fedal ɗin riƙe amo, wanda MIDI ta ware masa lamba 64, yana da amfani ƙwarai. Ganguna da bes mai gudu kuwa, gara a bar wa maɓallan fiyano.

Lanƙwasa tsirkiya na buƙatar kulawa ta musamman. A tsarin MIDI na asali, umarnin lanƙwasa amo yana shafar tasha gaba ɗaya, wato layin da umarnin ke bi zuwa sintesaiza, kuma tashoshin 16 ne kacal, saboda haka idan amo uku suna tasha ɗaya aka lanƙwasa ɗaya, sauran biyun ma sai su bi shi. Tsarin MPE, wani ƙari a kan MIDI da aka amince da shi a 2018, ya warware wannan ta hanyar ba kowane amo tasharsa, kuma fitowa ta uku ta manhajar tana aiki da shi. Abin da ya rage wa makaɗi shi ne ya tabbata iyakar lanƙwasawar da ya sa a manhajar ta yi daidai da wadda ke cikin sintesaiza, domin yawancin sintesaiza suna zuwa ne a kan rabin mataki 2, wato tazarar matakai biyu na wuyan jita, na MPE kuma sau da yawa a kan 48, kuma idan suka saɓa, kowace lanƙwasa za ta sauka a amon da ba shi ba.

Akwai abin da na'urar mai kunnuwa shida ta fi ta da shi a bisa tsarinta, wato tabbacin tsirkiyar da amo ya fito daga gare ta. Wanda yake son tsirkiyoyi biyu na ƙasa su buga bes, huɗun sama su buga wani sauti, ko wanda ke hawa dandamali ba ya son dogara da kwamfuta, zai fi samun natsuwa a can. Aikin da ke cikin sitidiyo kuwa, manhajar ta wadatar, musamman idan aka ɗauki tsabtataccen sautin jitar a layi na dabam tare da MIDI ɗin, ta yadda za a iya sake bi da shi ta cikin manhajar da wani saiti ba tare da an sake kaɗawa ba. Idan manhajar haɗa kiɗan da mutum ke amfani da ita ba ta karɓar MIDI kai tsaye daga fulogin, sai ya buɗe MIDI Guitar ita kaɗai, ya haɗa su ta IAC a kan Mac ko loopMIDI a kan Windows, waɗanda ke aiki kamar wayar MIDI a cikin kwamfuta.