Na gwada kibod ɗin Khmer Angkor, ga yadda muka kwashe

Wata uku kenan ina fama da rubutun Khmer, na mutanen Kambodiya, saboda wani jerin kalmomi da nake taya wani abokina shigarwa a kwamfuta, kuma wallahi kafin in samu wannan kibod ɗin na sha wuya ba kaɗan ba. Sunansa Khmer Angkor, a cikin manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL yake, kyauta ne, yana hawa kwamfuta yana hawa waya.

Abin da ya kai ni gare shi kalma ɗaya ce tak, ស្ត្រី, wato mace. Na rubuta ta da hannuna, ga ta ina kallonta a fayil, amma in na nema sai kwamfuta ta ce wai babu. Kai! Har na fara zargin idona. Ashe su Khmer baƙaƙensu hawa kan juna suke yi, wani yana maƙale a ƙarƙashin wani, kuma a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a na'ura, ba a ba waɗannan na ƙasan lambarsu daban ba, sai dai ka danna wata alama da ba a gani, coeng sunanta, lamba U+17D2, ita ke janyo baƙin da ya biyo ta ya koma ƙasa. To ita wannan kalmar 'yan ƙasa biyu gare ta, baƙi mai suna “ta” da mai suna “ro”, in ka fara da “ro” kafin “ta” a ido kusan duk ɗaya ne, amma a cikin na'ura kalmomi biyu ne da ba su san juna ba. Abokina ya shigar da tasa ta wata hanya ni na bi wata, shi ke nan bincike ya watse.

Nan ne kibod ɗin ya burge ni gaskiya. Ko ka juya jerin, yana gyara maka tun kana kan bugawa, ya mayar da kowace alama gurbinta, ba sai ka haddace ƙa'ida ba. Haka wasalin េ da ake gani a hagun baƙi alhali bayan baƙin ake buga shi, wannan ma sai da hannuna ya ɗau kwanaki kafin ya yarda. Tsarin maɓallan na NiDA ya bi, wato wanda hukumar fasahar sadarwa ta Kambodiya ta fitar, wanda 'yan ƙasar suka saba da shi, coeng tana kan J.

Sai dai fa kar mutum ya ɗauka zai wanke masa tsohon aiki. Abin da kake bugawa yanzu yake gyarawa, wanda aka riga aka shigar a karkace yana nan yadda yake. Akwai ma wani tsohon fayil da aka turo mana da font irin na kafin Unicode, wanda aka ɗora siffar Khmer a kan haruffan boko, da na canza font sai ga tarkacen a b c ba kai ba gindi. Wannan sai da muka sake bugawa daga farko.

Font kuma Noto Sans Khmer na haɗa masa, ba na ganin 'yan akwatunan nan na banza. Asalin rukunin Khmer, U+1780 zuwa U+17FF, tun 1999 ya shiga Unicode, har da lambobinsu da alamar kuɗinsu riel ៛. A 2003 aka ƙaro wani ƙaramin rukuni mai alama 32 na kalandar wata, sha biyar na kwanakin da wata ke cika, sha biyar na lokacin da yake raguwa, biyu kuma na shekarar da ake ninka watan Asadha. Ban taɓa buƙatarsu a aikina ba, na dai buɗe su don son gani kawai, kuma duk sun fito tsaf.

In za ka riƙa buga Khmer tare da wani, ku sauke shi ku biyun rana ɗaya, kafin kowa ya shigar da kalmar farko.